Jinyar Iyaye a Lokacin Tsufa: Nasiha Ga Samarin Rano da Kibiya

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Mai saukar da cuta, Mai saukar da waraka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, da kai nake magana. Kai da ba ka rasa sahun farko, kai da ke hawa mota daga Rano ko Kibiya ka tafi wa'azi har Kano har Zariya, kai da in aka tayar da mas'alar ƙabalu da sadalu sai ka kwana kana kawo hujja. Madalla, Allah ya ƙara ƙwazo. To ina da tambaya ɗaya. Magungunan da mahaifinka yake sha, guda nawa ne? Wane ne ya rubuta masa su? Wanne ne na safe, wanne ne na dare? In ba ka sani ba, to ka sani akwai wani babi na addini da ka tsallake. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa na da rai, da ya amsa, sai aka mayar da shi gida ya yi jihadinsa cikin hidimarsu. Kuma ka duba Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ka ga yadda Allah ya keɓe lokacin tsufan iyaye da ambato, domin a nan ne ɗa yakan gaji.

Ka shiga ɗakin tsohonka yau, ka ɗaga gefen katifa ko ka duba bayan ƙofa. Za ka tarar da baƙar leda. A cikinta akwai ƙwayar hawan jini da aka rubuta masa bara, akwai ta ciwon sukari wadda ya sha rabi ya ajiye, akwai jajaye da rawaya da mai kemis ya ƙulla masa don ciwon gwiwa, akwai wata da maƙwabci ya ba shi don ta yi masa amfani, ga kuma gorar jiƙo a gefe. Ko a Rurum ne, ko a Lausu, ko a Tarai, ko a Durba, ledar iri ɗaya ce. A kan wannan leda nake son mu yi magana.

TSUFA DABAN, CUTA DABAN

A cikin hadisin Usamatu ɗan Sharik wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, an umurci bayin Allah da neman magani, aka kuma bayyana cewa abu ɗaya ne kaɗai ba shi da magani, watau tsufa. Sai wasu daga cikinmu suka juya maganar. Tsoho ya ce kansa na sarawa, a ce tsufa ne. Ƙafarsa ta kumbura, tsufa ne. Yana tashi fitsari sau shida a dare, tsufa ne. Haba jama'a! Furfura da raunin gaɓɓai su ne tsufa. Amma hawan jini cuta ce mai suna, ciwon sukari cuta ce, yanar ido cuta ce da ake cirewa mutum ya koma karatun Alƙur'aninsa. Mai lulluɓe waɗannan da sunan tsufa, sau da yawa kuɗin mota yake gudu.

Abin da ke wahalar da jinyar dattijo shi ne, da wuya ka same shi da cuta ɗaya. A shekarar 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sikotilan a kan takardun asibiti na mutum wajen miliyan 1.75. Aka samu cewa a cikin masu shekara 65 zuwa 84, kusan 65 cikin 100 suna ɗauke da cututtuka masu daɗewa guda biyu ko fiye. Aka kuma samu cewa a unguwannin matalauta wannan tarin cuta yana riga zuwa da shekara 10 zuwa 15. Can ke nan, inda jinya kyauta ce. Sai ka auna da manomin da ya shekara hamsin yana duƙe a kan fartanya, bai taɓa awon jini ba.

Mu dawo gida. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan. An gwama masu cutar su 2,118 da wasu masu lafiya adadinsu. Abin da ya fito shi ne, kusan kashi tara cikin goma na wannan cuta yana komawa ga hawan jini. A cikin sauran dalilai akwai ciwon sukari, da barbaɗa gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. To ka ji. Amma in dattijo ya faɗi a gona bakinsa ya karkace, me muke cewa? An yi masa jifa. Iska ta buge shi. Kishiyar uwa ce. Sai a nufi gidan boka, a yanka baƙin bunsuru, a raba zumunci, alhali Muslim ya ruwaito cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ga asarar imani, ga asarar lokaci. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a sa shi a mota a nufi asibiti a wannan sa'a. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, sai ruwan ya bi hanyar huhu.

YAWAN MAGANI BA SHI NE YAWAN KULA BA

Yanzu ga inda mai kirki ma yakan yi kuskure. Akwai ɗa mai tausayi, wanda duk abin da aka ce yana magani sai ya saya wa Baba. Yana ganin biyayya ke nan.

A 2005 wasu likitoci a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka yi wani lissafi. Suka ƙaddara wata tsohuwa mai shekara 79 da cuta biyar: hawan jini, ciwon sukari, ciwon huhu, amosanin gaɓɓai da raunin ƙashi. Suka bi littafin ƙa'idar kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka rubuta. Sai ga tsohuwa da magani iri 12, za ta sha sau 19 a yini, a lokuta biyar, kuma wasunsu suna faɗa da juna. Dalili kuwa, kowace ƙa'ida an rubuta ta ne kamar mutum cuta ɗaya gare shi. Tun daga nan masana suka mayar da hankali a kan wannan babi, har a 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da jagora na musamman ga masu cuta fiye da ɗaya. Jigonsa shi ne likita ya dubi mutumin gaba ɗayansa, ya tambaye shi abin da ya fi damunsa, ya duba ko akwai maganin da cutarwarsa ta fi amfaninsa a janye shi.

Ka lura da kyau: likita ne mai janyewa, ba kai ba. Domin binciken ya nuna fuska biyu. A 2008 aka buga gwajin da aka yi a kan mutum 3,845 masu shekara 80 zuwa sama. Waɗanda aka ba maganin hawan jini, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya ta ragu da kashi 64. Saboda haka maganar wai ya tsufa, a bar shi haka nan, ba ta da tushe. A wannan shekarar kuma, a Amurka da Kanada, aka tsayar da wani sashe na gwaji a kan masu ciwon sukari su 10,251, domin waɗanda aka matsa wa da magani don a sauko da sukarinsu ƙasa ƙwarai sun fi mutuwa, 257 a kan 203. Watau sakaci na kisa, wuce iyaka ma na kisa. Haka ƙwayar asfirin da wasu ke haɗiya kullum wai don tsinka jini. A 2018 gwajin da aka yi a Ostireliya da Amurka a kan tsofaffi masu lafiya su 19,114 ya nuna ba ta ƙara musu tsawon lafiya ba, sai dai ta ƙara zubar jini. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, likita ya ɗora shi a kanta, wannan hukuncinsa daban ne, kada ya bari.

Amma babban bala'in da ke cikin ledar nan shi ne haɗin kemis. Tsoho ya dawo daga gona jiki na ciwo, a aiki yaro da naira ɗari biyu a ce a ba da na gajiya. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin takardar ƙwayar. In ka ga diclofenac, ko ibuprofen, ko piroxicam, to waɗannan suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda, suna huda ciki har mutum ya yi baƙin bayan gida. In ka ga dexamethasone ko prednisolone, suna hauhawar da sukari, suna kumbura fuska har a ce Baba ya yi ƙiba, suna kuma rarake ƙashi. Ka ga an ba gwiwa haƙƙinta an zalunci ƙoda. Ranar da aka ce sai wankin ƙoda a Kano, sau biyu ko uku kowane mako, ranar za a sayar da gona. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ya kai mai kemis, in kana cikin masu karanta wannan, ka tuna hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, wanda ya ɗora lamuni a wuyan duk wanda ya yi likitanci ba a san shi da iliminsa ba. Haka mai lasifika a kasuwa, wanda gora ɗaya tasa ke maganin sukari da basir da sanyi da taifot. In ya jingina ta ga Sunna don ta sayu, laifinsa ya zama biyu. Zuma da habbatus sauda alheri ne, ba mu musu. Amma zuma sukari ce a jikin mai ciwon sukari, kuma babu nassin da ya ce a zubar da ƙwayar hawan jini saboda su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, malami ne mujahidi, kuma ya wallafa littattafai a kan ilimin magani. Magabatanmu ba su ɗauki wannan fanni abin wasa ba.

Bari in faɗa maka wata gaskiya, don kada ka ce na yi maka daɗin baki. A 2018 an buga gwajin da aka yi a Ingila da Sikotilan a kan mutum 1,546 masu cuta uku ko fiye. Maimakon a riƙa kiransu kowace cuta da ranarta, sai aka haɗa musu zama ɗaya ana duba komai. Bayan wata 15, ƙarfin jikinsu bai fi na sauran ba. Abin da ya canja shi ne sun ji ana sauraronsu, ana bin abin da ya dame su. Waɗannan cututtuka ba warkewa suke ba, lallaɓa su ake yi har iyakar kwana. Wanda ya fahimci haka ba zai ce Inna ta ji sauƙi a daina saye ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma sauƙin da ta ji, maganin ne ke aiki.

AZUMIN TSOHO MAI CIWO

Nan ne ake samun gardama a gidaje. Dattijo ya shekara sittin bai sha azumi ba, yana jin kunyar jikokinsa su gan shi da kwano da rana. Kai kuma kana yaba masa, kana cewa Baba akwai himma. Ka ji tsoron Allah. A azumin shekarar 2001 an bi masu ciwon sukari su 12,243 a ƙasashe 13, aka samu cewa mugun faɗuwar sukari, irin wanda ke kai mutum asibiti, ya ninka sau bakwai da rabi ga masu irin ciwon da ke kama manya. A 2009 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Sharja tare da likitoci, ta kasa masu wannan ciwo gida huɗu, ta yanke cewa gida biyu na farko, masu haɗari babba, wajibi ne su sha azumi. Tsofaffi masu wasu cututtuka a haɗe suna cikinsu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Rangwamen na cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Risala da ka karanta a zaure ta ce an so tsohon da ya kasa azumi ya ciyar, mudun Annabi ɗaya a kowane yini. Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah, da tsufa ya kama shi ya sha azumi ya ciyar da miskinai. Shin Babanka ya fi Anas tsoron Allah ne? Kuma ka tuna mutumin da aka fasa wa kai a tafiya, janaba ta same shi, abokansa suka hana shi taimama, ya yi wanka ya mutu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya ɗora musu alhakin kisansa, ya zarge su da ƙin tambaya.

Wanda likita ya yarje wa ya yi azumi, a kai shi tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan shan magani. Ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, tana cikin waɗanda likitocin tsofaffi ke gargaɗi a kansu, domin takan kayar da sukari ta daɗe ba ta sake shi ba. Tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba. In babu na'ura ka ga gumi na keto masa, jiki na rawa, magana ba kan gado, ka jiƙa sukari ka ba shi muddin yana iya haɗiya. Kada ka tsaya kana cewa aljanu ne.

ABIN DA KE WUYANKA

Ka sayi littafi ɗan arba'in. Ka rubuta sunan kowane magani da lokacinsa, da awon jini da ranar da aka yi shi. Ranar asibiti ka ɗauki ledar nan dungurungum, har da gorar jiƙon, ka zazzage a gaban likita. Kada ka ɓoye komai don kunya. Ka tsaya a wuri ɗaya da kati ɗaya, ko Babban Asibitin Rano ko asibitin da ya fi kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ku Kano da takarda. Yau nan gobe can, kowa ya rubuta nasa bai san na wani ba, haka ake tara ƙwaya iri biyu masu aiki ɗaya. Tun 2020 aka fara wani shiri na awo da ba da maganin hawan jini a ƙananan asibitoci a jihohin Kano da Ogun, kuma jiharmu tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Ka taka ka tambaya ko tsohonka zai shiga. Tambaya ba ta rage mutunci.

Sa'an nan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ɗunƙulen miya yawancinsa gishiri ne. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an gwada mutum 20,995, aka sauya wa rabinsu gishiri da wani mai sauƙi. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa da kashi 12. Kada wani ya ce maka kanwa ce wannan gishirin. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen ɗaga jini. Mu abin da ke hannunmu shi ne a rage, a ƙara daddawa, a yawaita zogale da rama da alayyafo, waɗanda Allah ya hore mana a bayan gida. Ka yi wa masu girki bayani da lalama, kada ka shiga da tsawa.

Mai ciwon sukari kuwa, ka riƙa duba ƙafarsa lokacin alwala, ka goge tsakanin yatsu. Ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, ƙaya za ta shige shi bai sani ba, ko kaskon wuta ya ƙona shi da hunturu, ƙaramin rauni ya zama gyambon da za a yanke ƙafa. In zai tashi da asuba ya fara zama a bakin gado tukuna, domin maganin hawan jini yakan sa jiri, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Ka sa masa fitila a hanyar bayan gida. In tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, haka aka umurci Imrana ɗan Husaini da basir ya dame shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Wani abu kuma da nake gani yana ba ni haushi. Mun bar jinya ga mata. Matarka ce ke wanke Inna, ƙanwarka ce ke baro gidan mijinta ta kwana a asibiti, kai kuwa ka leƙo daga bakin ƙofa ka ce yaya jiki, ka wuce majalisa. Haƙƙin a kanka yake, abin da matarka ta yi kyautatawa ce, sai ka gode mata. Mahaifinka kuwa ya fi son ɗansa namiji ya kama shi zuwa makewayi a kan surukarsa ta ga tsiraicinsa. Ku 'yan'uwa ku zauna ku yanka wa kowa abin da zai kawo duk wata, na Legas da na Fatakwal su turo nasu, a sayi maganin wata guda kafin na hannu ya ƙare. Wanda ke da kuɗin sabuwar waya yana da kuɗin ƙwayar hawan jini.

In kun shiga wurin likita, kada ka amshe bakinsa. Ka bar shi ya faɗi abin da ke damunsa da kansa. Wataƙila kai lambar awo kake kallo, shi kuwa burinsa ya iya taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a, ko ya yi barci ba tare da tashi sau shida ba. Ka ce, "Baba, me ka fi so a fara gyara maka?" Sa'an nan ka yi shiru ka saurara, abin da ya faɗa ka tabbata likita ya ji shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.